Rabon Ruwan Rani: Gonar Ƙarshe Ita Ce Ma'auni

Zuwa ga manoman rani, da dagatai, da masu unguwanni, da sarakunan noma. Ga wata magana game da ruwan da a ke ba gonaki da rani. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya taɓa bin ƙaramar hanyar ruwa a ƙasar Kura ko Bunkure cikin watan Fabrairu, tun daga bakinta har ƙarshenta, ya ga abin da za mu faɗa. A baki zai iske fangaloli cike fal, ruwa har yana malala bisa turba. In ya taka gaba kaɗan sai ya ga ruwan ya fara ƙanƙancewa. Kafin ya kai gonar ƙarshe sai ya tarar ƙasa ta tsage, alkama ta yi yaushi, mai gona yana zaune bisa kunya yana jiran dare ko ya sami abin da ya ragu. Hanya ɗaya ce, iri ɗaya suka shuka, taki ɗaya suka saya, amma ran girbi wani zai ɗaura buhuna, wani kuwa bashi zai ɗauka. Daga nan a ke fasa gefen hanya da dare, daga nan a ke faɗa da fartanya, har magana ta kai ƙofar dagaci.

Mutane su kan ce ruwa ne ya yi kaɗan. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ruwan da ya shiga bakin hanya ya isa kowa, rabon ne ya lalace. Don haka in kana so ka san ko tsarin ruwan ƙauyenku yana da kyau, kada ka tsaya gonar baki. Tafi gonar ƙarshe ka duba.

Inda ruwan ya ke fitowa

An gama ginin madatsar ruwa ta Tiga bisa kogin Kano a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Kashin farko na gonakin da aka shirya wa ruwa hekta 22,000 ne, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce.

Ruwan nan ba inji ke tura shi ba, gangarowa ya ke yi da kansa. Ya kan fito daga Tiga ta babbar hanya, ta rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma. Daga rassan nan matsakaitan hanyoyi su ke ɗiba, daga su kuma ƙanana, waɗanda su ke bi ta gefen gonaki. Daga ƙaramar hanya manomi ya ke jawo nasa da tiyo. Gama babbar hanya ba ta tsayawa dare da rana, mutane kuwa da rana su ke aiki, shi ya sa aka haƙa tafkuna a wurare dabam-dabam don su tare ruwan dare a sake shi da safe.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, kowace hanya an auna faɗinta da zurfinta, ba ta iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. In kowa ya buɗe lokaci ɗaya, na baki kaɗai za su sha. Na biyu, ruwa tafiya ya ke yi kamar fatake. Wanda aka saki a Tiga da safe ba ya isa gonar nesa da hantsi. Saboda haka masu buɗe ƙofofin ruwa suna bukatar su san tun da wuri eka nawa aka shuka a kowace hanya, da abin da aka shuka.

Abin da shuka ta ke sha

Ruwan gona da zurfinsa a ke auna shi, kamar yadda a ke auna ruwan sama. Inci ɗaya milimita 25 ne. In aka shimfiɗa ruwa mai zurfin inci ɗaya bisa eka ɗaya, ya kai wajen duro 500 na lita 200. To, ka ga abin da mutum ke zubarwa in ya bar tiyo ya tafi kasuwa.

Masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta alkama tana bukatar inci 18 zuwa 26 tun daga shuka har girbi, tumatir inci 16 zuwa 24, albasa inci 14 zuwa 22. Amma ba kullum ne shan ya ke daidai ba. Da ɗari, cikin Disamba da Janairu, shukar da ta rufe ƙasa ta kan sha wajen inci ɗaya a kwana biyar. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, ta kan shanye wannan a kwana uku ko huɗu. Ƙaramin tsiro kuwa kaɗan ya ke sha, sai dai yana so a riƙa ba shi a kai a kai, gama saiwarsa ba ta yi nisa ba.

Ƙasa ita ce randar shuka, randuna kuwa ba girmansu ɗaya ba. Jigawa mai rairayi ba ta riƙe fiye da wajen inci ɗaya na ruwa a zurfin ƙafa ɗaya. Ƙasa mai laka ta kan riƙe ninkin wannan. In randa ta cika, duk abin da aka ƙara zuba ya ke yi. Albasa saiwarta ba ta wuce ƙafa ɗaya, don haka a jigawa sai a ba ta kaɗan kaɗan, kwana uku uku ko huɗu huɗu. Alkama da tumatir saiwarsu ta kan kai ƙafa biyu zuwa uku, suna iya jiran mako.

Ga yadda za ka gane da kanka. Tona rami gefen kunya zurfin taƙi ɗaya, ka ɗebo ƙasar ciki ka dunƙula a hannu. In ta dunƙulu ta bar laima a tafinka, shukarka ba ta jin ƙishi, ko da saman ƙasa ya yi fari. In ta dunƙulu amma ta wargaje da ka taɓa, lokacin ruwa ya yi. In ta ƙi dunƙuluwa sam, ka makara.

Akwai kuma kwanakin da ƙishi ya fi yin ɓarna. Ga alkama: wajen kwana 21 bayan shuka, sa'ad da ta ke fid da saiwoyin da za su riƙe 'ya'yanta, sai lokacin da ta ke fid da kai tana fure, sai lokacin da ƙwaya ke cika. Ga tumatir: lokacin fure da ɗaurin 'ya'ya. Tumatirin da aka bari ya bushe sa'an nan aka cika shi da ruwa ya kan tsattsage, ko gindin 'ya'yan ya yi baƙi, a kai shi Kwanar Gafan a rasa mai taya. Albasa kuwa a kan yaye ta daga ruwa wajen mako biyu kafin cira, don ta jure ajiya.

Cutar da yawan ruwa ke yi

Mai gonar baki yana zaton ya ci riba, bai san kansa ya ke cuta ba. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda ta ke bukatar ruwa. In ruwa ya kwana a fangalin alkama ko tumatir sai ganye ya yi ɗorawa, shuka ta tsumbure. Takin zamani da ka saya da tsada ruwan ya kan narkar da shi ya nutsar da shi inda saiwa ba ta kai. Shekara da shekaru kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kan taso ya matso sama, rana ta tsotse shi ta bar gishiri, ka ga gona ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Ƙasar da ta kai haka gyaranta da wuya ƙwarai. Ban da wannan, ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro mai kawo zazzaɓi, da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini.

Ku tuna kuma ba ku kaɗai ke da kogin ba. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a shekarar 1992, ambaliyar da ta saba cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya na can su ma 'yan ƙarshen hanya ne, babbar hanya ce dai tasu.

Bi da bi ba baƙon abu ba ne

Maganin wannan duka shi ne a sha bi da bi, kowa da ranarsa da sa'arsa, gwargwadon girman gonarsa. Kada wani ya ce wannan sabon abu ne. Malamanmu sun san hukuncin da ya zo game da rafukan Madina, cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Watau tun can an sa wa na sama iyaka. Hanyar da mutane suka yi tarayya a cikinta kuwa, littattafan fiƙihun Malikiyya sun ambaci raba ruwanta da tukunya mai huda a gindi. A cika ta da ruwa a rataye, muddin tana ɗiga mai rabo yana sha, in ta ƙare a juya wa na gaba. Agogo ke nan tun ba a san agogo ba.

Akwai ƙasar da ta daɗe tana bin wannan hanya a gonaki masu yawan gaske, watau Funjab, wadda yanzu rabinta ke Fakistan rabi a Indiya. Can suna kiran tsarin warabandi, ma'anarsa tsayayyen layi. Tushen dokarsa tun shekarar 1873 ya ke. Mako ɗaya sa'a 168 ne, watau minti 10,080. Sai su raba mintocin nan bisa yawan ekokin da ke shan hanya ɗaya, kowa a rubuta masa ranarsa da mintinsa. Wanda ruwa zai yi tafiya cikin busasshiyar hanya kafin ya iso gare shi a kan ƙara masa lokacin cika hanya. Gama su dare da rana su ke sha, a kan juya layin da sa'a 12 shekara shekara, wanda ya yi dare bana ya yi rana baɗi. Aibin tsarinsu ɗaya ne, lokaci a ke rabawa daidai, ruwa kuwa yana tsiyayewa a hanya, sa'ar na ƙarshe ba ta kai ta na baki albarka ba. Mu sai mu ɗauki mai kyau mu gyara aibin.

Yadda a ke lissafin

Ga misali, kowa ya sauya shi da ekokin hanyarsu. A ce ƙaramar hanya tana shayar da eka 24, ruwa kuwa yana gudu daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Sa'a 12 sau kwana 7, sa'a 84 ke nan a mako. A ware sa'a 12 a ajiye gefe. Saura sa'a 72. A raba 72 gida 24, kowace eka ta sami sa'a 3. Mai rabin eka yana da sa'a ɗaya da rabi, mai eka biyu sa'a 6.

Sa'a 12 ɗin da aka ajiye ita ce haƙƙin nisa. A auna da agogo minti nawa ruwa ke yi kafin ya kai gonar ƙarshe, a cire wannan tukuna. Abin da ya ragu a ƙara wa gonakin nesa, wanda ya fi nisa ya fi samu. Mai rabo kuma shi kaɗai zai sa tiyo, ruwan hanya duka nasa ne har sa'arsa ta cika. Ruwa mai ƙarfi na sa'a uku ya fi ɗan tsiyaye na yini guda, gama ya kan ruga ya kai ƙarshen fangali kafin bakin ya sha fiye da kima.

Muna ba da shawara a fara layi daga ƙarshe a yo baya. In na ƙarshe ya sha da fari, ba wanda zai iya cewa bai san ruwan bai kai ba. In an sami mako da ruwa ya yi ƙaranci, a rage wa kowa daidai, a fifita gonakin da ke cikin kwanakin fure. Da bazara ta shigo a sake zama, gama layin da ya ishi shuka a Disamba ba zai ishe ta a Maris ba.

Iri ɗaya a hanya ɗaya

Layi ba ya tsayuwa in wannan ya shuka albasa mai son ruwa kwana huɗu huɗu, maƙwabcinsa ya shuka alkama mai jiran mako, na gaba kuma ya dasa shinkafa. Ga abin da ya faru a wata ƙasa da 'yan'uwanmu suka sani. A Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, akwai gonakin Jazira, waɗanda suka fara shan ruwa daga madatsar Sinnar a shekarar 1925. Hausawa da Fulani da yawa sun yi aikin auduga a can, har da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiwurno. A tsarinsu na farko an yanka ƙasa fili fili, kowane fili fadan 90, fadan kuwa ya ɗara eka kaɗan. Fili ɗaya hanya ɗaya, iri ɗaya, a shayar da shi sau ɗaya a kwana 14. Don haka mai buɗe ƙofa ya san abin da zai saki ba sai ya tambaya ba. A shekarar 2005 aka yi dokar da ta bar kowa ya shuka abin da ya ga dama, lissafin ruwa kuwa ya ƙara wuya.

Ba mu ce a tilasta wa kowa ba. Amma mutanen hanya ɗaya su zauna tun cikin Oktoba su daidaita abin da za su shuka, su kuma yi shuka cikin mako biyu da juna. Alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ta fi yin kyau, don ta cika ƙwaya kafin zafi. Masu shinkafa a haɗa su wuri ɗaya, a ƙasa mai laka.

Shinkafa ma ba dole ba ne ta zauna cikin ruwa kullum. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta koyar da wata dabara. A sami bututu mai tsawon ƙafa ɗaya, a huhhuda rabinsa, a kafa rabin nan cikin ƙasa, a kwashe lakar ciki. Bayan an ba da ruwa a ƙyale shi ya janye. Sai ruwan cikin bututu ya sauka inci 6 ƙasa da doron ƙasa, sa'an nan a sake cika fangali zurfin inci 2. Amma daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa a bar ruwa a tsaye. Ta haka a kan rage ruwa har wajen kashi 30 cikin 100, amfani bai ragu ba.

Yashe hanya

Kome kyan lissafi, in hanya ta cushe ba zai yi aiki ba. Laka da yashi su kan taru a ciki, kacalla da sauran ciyayi su tsiro su riƙe ruwa, ɓeraye su haƙa ramuka, shanu su rushe gefe. Na baki ba ya jin wannan, na ƙarshe ke ji. Don haka na baki ya kan yi nawar fita gayya. Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyaran manyan hanyoyin Kano da Bakolori da kwarin Haɗeja a shekarar 2014, amma ƙaramar hanyar da ke gefen gonarka ba wanda zai yashe maka ita sai kai da maƙwabtanka. A yi gayya kafin buɗe ruwa, a sake yi tsakiyar rani. Magudanar da ke fid da ragowar ruwa daga gonaki ita ma a yashe ta, kada a toshe ta a shuka a ciki. Ɗan rami in aka gan shi a toshe shi ran nan, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke wuyan shugabanni

Ya ku dagatai da masu unguwanni, ku da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, ga abin da ke kanku.

1. Kafin shuka ku rubuta sunan kowane mai gona a kowace hanya, da ekarsa, da abin da zai shuka. Ku kai wa ma'aikatan ruwa da malamin gona.

2. Ku tsara layi a gaban jama'a, a rubuta da boko da ajami, a manna a ƙofar masallaci da bakin hanya.

3. Ku naɗa mai lura da layi, mutum mai amana. Ya fi kyau ya zama mai gona a ƙarshen hanya, gama shi ba zai yi barci ba.

4. Ku kafa sanda mai zane a bakin hanya, wata a ƙarshenta, a riƙa duba tsayin ruwa safe da yamma ana rubutawa. In za ku kai kuka, takardar nan ta fi yawan magana.

5. Ku yanka tarar fasa hanya da satar layi tun kafin a yi laifin, kowa ya ji da kunnensa. In ɗanku ne ya yi, ku fara da shi.

6. Ku tara kuɗin ban ruwa cikin lokaci, ku karɓi rasiɗi, ku karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Mako mako kuma shugaba ya taka da ƙafarsa har gonar ƙarshe, ya tona ƙasa ya dunƙula a hannunsa. In ta bar laima a tafinsa, ya koma gida da kwanciyar rai, gama in na ƙarshe ya sha kowa ya sha. In ta wargaje, ya tara mutanen hanya ran nan kafin magariba.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya sa mu ga girbi lafiya. Haza wassalamu.